35mm, 50mm ko mai zumin: wane lens ɗan gayyata zai tafi da shi biki?

Wanda aka ɗauka aikin hoton biki da wanda aka aiko wa katin gayyata, ko da kyamararsu iri ɗaya ce, lens ɗin da ya dace da su ba ɗaya ba ne. Mai hoton da aka biya yana da damar tsayawa a gaba, ya durƙusa a tsakiyar hanya, ya ce wa ango ya ɗan karkato, ya kafa fitilunsa inda ya ga dama. Sau da yawa kyamara biyu yake ratayowa, ɗaya da 24-70mm, ɗaya da 70-200mm, wani ma har da yaron da ke riƙe masa jaka. Kai kuwa kujera aka nuna maka, a nan za ka fi daɗewa, rabin lokacinka gaishe-gaishe ne, kuma ba wanda zai tsayar da biki ya jira ka ka kwance wannan ka ɗaura wancan. Don haka duk shawarar da ta faro da abin da ƙwararru ke riƙewa, hanyar wani ta ɗauko, ba taka ba.

Ka fara tambayar kanka: wane hoto ne zai fito daga hannuna wanda ba zai fito daga hannun mai hoton ba? Lokacin da amarya da ango za su shigo, shi ne a gabansu da haske a hannu, naka kuwa ta tsakanin kawunan jama'a da wayoyin da aka ɗaɗɗaga zai ratso. A nan ba ka da ta cewa. Inda ka fi shi shi ne wurin zamanka: abokan da rabonsu da haɗuwa tun makaranta, tsohuwar da jikanta ya yi barci a cinyarta, ƙanen ango da ke ta kai-komo gumi ya jiƙa masa riga. Mai hoto bai san ko su wane ne ba, kai ka sani, su ma sun san ka, ba sa ƙamewa idan ka ɗaga kyamara. Dukkansu kuma tsakanin mita ɗaya zuwa uku suke da kai, galibi cikin hasken da bai taka kara ya karya ba. Kusanci da ƙarancin haske, su ne ma'aunin da zan ɗora kowane lens a kai.

Lambobin da ke jikinsa

Lambar da ke da mm a bayanta ita ce ke faɗa maka faɗin abin da lens zai kama. Ƙarama ta fi kwaso fili, babba ta fi jawo abu kusa ta matse filin. Lissafin ba shi da wuya. A kyamara mai cikakkiyar sensa (sensa ita ce ɗan farantin da ke kama hoton a cikin kyamara), wato mai faɗin milimita 36 da tsawon 24, idan ka tsaya mita 3 daga mutane, 24mm zai kwaso faɗin mita 4.5, 35mm kimanin mita 3, 50mm mita 2 da ɗan ɗori, 85mm kuwa wajen mita 1.3 kacal. Ka mayar da shi lissafin kafaɗu: mutum bakwai ko takwas, sai biyar, sai uku ko huɗu, sai biyu.

Sai dai yawancin kyamarorin da ke hannun masu sha'awa ba cikakkiyar sensa gare su ba, ƙaramar da ake kira APS-C ce, kuma ita yanke gefe-gefen hoto take yi. A Nikon, Sony da Fujifilm ana ninka lambar sau 1.5, a Canon sau 1.6, a tsarin Micro Four Thirds na Olympus da Panasonic sau 2. Ke nan 50mm a kan Nikon D3500 yana gani kamar 75mm, a kan Canon 2000D kamar 80mm. Nan ne mutane da yawa ke yin sayen da suke da-na-sani. Sun ji ana yabon 50mm, an ce shi ne mai gani daidai da ido, suka saya, suka ɗaura a ƙaramar sensa, sai ga shi ko mutum uku ba su iya haɗawa a hoto ɗaya a cikin ɗaki. Duk inda na ambaci 35mm ko 50mm a nan gaba, ganin cikakkiyar sensa nake nufi. Mai APS-C da ke son ganin 35mm sai ya nemi 23mm ko 24mm, mai son ganin 50mm ya nemi 33mm ko 35mm. Mai Micro Four Thirds kuma 17mm da 25mm ne nasa.

Lamba ta biyu, mai f a gabanta, girman ƙofar da haske ke shiga ce, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Matakan su ne f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, kowane mataki yana rage hasken zuwa rabi. Ga yadda abin ke shafar ka a zauren biki da dare. Mu ɗauka hasken wurin ya ba ka hoto mai kyau a f/1.8, da saurin ƙiftawa 1/250 na daƙiƙa, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, da ISO 1600, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoton haske. Idan lens ɗinka iyakarsa f/2.8, dole ISO ya hau wajen 4000 kafin ka sami wannan hasken. A f/4 ya kai kusan 8000, a f/5.6 kuwa kusan 16000. Sababbin kyamarori masu cikakkiyar sensa suna jure 4000 har 8000 ba tare da an ga wani aibu sosai ba, amma tsohuwar APS-C a 16000, fuskar mutum tsaki-tsaki za ta fito, launin kaya ya dusashe. Idan kuma ka ƙi ɗaga ISO, ka rage saurin ƙiftawa zuwa 1/25, duk wanda ya motsa kai ko ya yi dariya ya zama inuwa.

Wanda ya zo tare da kyamara

Kusan kowa yana da 18-55mm f/3.5-5.6, mai zumin da ke zuwa tare da kyamarar APS-C, kuma an cika raina shi fiye da kima. Idan da rana za a yi taron, a fili ko ƙarƙashin rumfa, ya isa, ba sai ka sayi komai ba. Ba shi da nauyi, yana kama taron jama'a a 18mm, ya kama fuskar mutum ɗaya a 55mm, kuma a f/8 da hasken rana hotonsa tas yake fita.

Matsalarsa tana cikin lambobin nan biyu na ƙarshe. A 18mm ne kawai yake buɗewa zuwa f/3.5. Da ka fara zumin ƙofar ta fara tsukewa, kafin ka kai 55mm ta koma f/5.6, wato daidai wurin da kake son ɗaukar fuska shi ne wurin da ya fi duhu. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: kyamara da hasken da ya shigo ta lens take neman fokas. A cikin duhu za ka danna, ka ji lens yana gaba yana baya, hoto ya washe ya sake dishewa, kafin ya tsaya amarya ta riga ta juya baya. Wanda ya ga dole da shi zai tafi bikin dare, ya tsaya tsakanin 18mm da 24mm, ya matsa kusa da mutane, ya nemi inda fitila take ya sa haskenta ya faɗo a fuskokinsu.

35mm da 50mm, inda gardamar take

Waɗannan biyun ba sa zumin, ƙafarka ce za ta yi gaba ta yi baya. Abin da suke ba ka a madadin haka shi ne haske da rashin nauyi. Tsakanin f/1.8 da f/5.6 bambancin ya kusa ninki goma. Canon EF 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015, nauyinsa kimanin giram 160 ne. Nikon AF-S DX 35mm f/1.8G na 2009, wanda a ƙaramar sensa yake gani kamar 52mm, giram 200. Fujifilm XF 35mm f/2 giram 170. Su ne kuma suka fi rangwame a kusan kowane kamfani. Kyamara da irin wannan lens a gabanta ba ta tsorata kowa, kana iya yini da ita a kafaɗa ka manta tana nan, idan an kira ka hoto ka miƙa wa wani ya danna maka.

To wanne a ciki?

50mm ya fi kyautata wa fuska. Dalilin ba wani sirri ne a cikin gilashin ba, tazara ce. Don ka cika hoto da kai da kafaɗun mutum a 50mm, za ka tsaya kimanin mita ɗaya ko sama da haka, kuma daga wannan nisan hanci da kunne da goshi kowanne na zaune da girmansa. Da 35mm sai ka ƙara kusantowa, abin da ya fi kusa da lens kuwa shi ke kumbura, hanci ya yi gaba, kunne ya ja baya. Ba wani mummunan abu ba ne idan rabin jiki kake ɗauka, amma mace da ta ɓata awanni gaban madubi ba za ta gode maka ba idan ka cusa mata 35mm dab da fuska. Sannan 50mm ya fi narkar da bayan hoto. Kujerun da aka bari a hargitse, igiyoyin lasifika, wani da ya ratso yana waya, duk sai su koma hazo-hazo, mutumin da ka nufa ya fito shi kaɗai.

35mm kuma ya fi sanin halin ɗan gayyata. Kana zaune, wanda ke gefenka bai kai mita ɗaya ba, na tsallaken tebur mita ɗaya da rabi. A wannan nisan 50mm fuska ɗaya zai ba ka, ko biyu idan sun haɗa kai. Sai wani ya ce, kai mai kyamara, zo ka ɗauke mu. Su shida ne, sun jeru, ka ɗaga kyamara ka ga na gefen dama babu shi, na hagu rabinsa. Ka ja baya taku biyu, ka ci karo da kujerar wani, ka ba da haƙuri, ka sake ja, bayanka ya taɓa bango, har yanzu kafaɗar mutum ɗaya a waje. Ka ce su matsu, su matsu, murmushin ya riga ya bushe a fuskokinsu. Da 35mm tun a takun farko an gama. Ban da haka, hoton biki ba fuska kaɗai ake nema a cikinsa ba. Bayan shekara goma abin da za a riƙa nunawa da yatsa shi ne wane ne a tsaye can baya, yaya aka ƙawata wurin, wa ke kusa da wa. 35mm yana barin wannan a cikin hoton, 50mm a buɗe yana goge shi.

Akwai kuma lissafin da ke raba gardamar a wurina. Hoton da aka ɗauka da 35mm ana iya yanke shi daga baya ya koma kamar na 50mm. Idan kyamararka mai megafiksel 24 ce, bayan yankan za ka tsira da kusan 12, wanda ya wadatar ga waya, ga intanet, har ga bugawa a takarda madaidaiciya. Amma wanda 50mm ya bari a waje, babu manhajar da za ta dawo da shi. Saboda haka idan ɗaya tak za ka ɗauka kuma a cikin zaure za a yi, 35mm nake ba da shawara.

Hujjar da masu 50mm ke da ita wadda ba zan iya turewa ba ita ce ta waya. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana gani ne kamar 24mm zuwa 26mm, kuma kowa a wurin yana da ita a aljihu. Hoton taro, hoton zaure, hoton mu-matsu-mu-shiga, za a yi su ɗari ko ba ka zo ba. Idan haka ne, in ji su, me ya sa za ka ɗauko kyamara ka maimaita abin da waya ke yi? Ka bar wa wayarka faɗi, ka ba kyamara abin da waya ba ta iyawa. Magana ce mai ma'ana, musamman ga wanda ba ya son kutsawa cikin mutane, ya fi son ya tsaya gefe yana tsinto fuskoki. Inda take da rauni shi ne da dare idan ana motsi: waya tana haɗa hotuna da yawa ne ta fitar da ɗaya mai haske, dabarar da ke aiki idan an tsaya cak, ta watse idan ana rawa.

Wanda ya kasa zaɓa, akwai 40mm a tsakani. Canon EF 40mm f/2.8 STM na 2012 siriri ne ƙwarai, giram 130, Nikon kuma yana da Z 40mm f/2. Mai Canon na ƙaramar sensa yana da EF-S 24mm f/2.8 STM, wanda ke gani kamar 38mm. Sai dai ka lura f/2.8 ba f/1.8 ba ne, hasken bai kai rabi ba.

Tarkon f/1.8

Sabon mai irin wannan lens yakan buɗe shi iyakar buɗewa ya bar shi a haka har a tashi, kuma a nan ake asarar hotunan da suka fi muhimmanci. Idan ƙofa ta buɗe, yankin da ke fita sarai yana tsukewa. A cikakkiyar sensa, mutum yana mita 2 daga gare ka, 35mm a f/1.8 zai ba ka zurfin kimanin santimita 35, 50mm kimanin 17, 85mm wajen 6 kawai. Santimita 17 bai kai tazarar da ke tsakanin sahun gaba da na baya ba. Ka jera dangi sahu biyu, fokas ya sauka a kan yarinyar da ke gaba, a ɗan allon kyamara komai lafiya lau, sai ka buɗe a kwamfuta ka tarar mahaifin ango da ke tsaye a baya dishi-dishi ya fito, kamar ta bayan labule aka hango shi. Wannan hoton ba ya gyaruwa, kuma ba za a sake jeruwa ba.

Mutum ɗaya, f/1.8 ko f/2, fokas a ido. Mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, f/2.8. Sahu biyu, f/4 zuwa f/5.6, ka ja baya, ka ɗaga ISO ba tare da fargaba ba. 35mm a f/4 daga mita 3 yana ba da zurfin da ya kusa mita 2, wani dalilin ke nan da ya sa ya fi yafiya ga hannun da bai ƙware ba. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana kallonsa a ji daɗi, wanda fokas ya kuskure kuwa sai gogewa.

85mm

Babu lens a jerin nan da ke fitar da fuska kamarsa, kuma bai cika nauyi ba, Sony FE 85mm f/1.8 giram 371 ne. Daga kujerarka za ka kamo dariyar wani a teburi na uku bai ma san ka yi ba. Amma shi kaɗai ba ya riƙe biki, don duk wanda ya matso kusa da kai ya fi ƙarfinsa. Matsayinsa na biyu ne, a aljihun jaka, a fito da shi lokacin jawabai ko idan an samu fili a waje. Mai APS-C da ya riga ya mallaki 50mm f/1.8 ba ya bukatar sayensa, abin da ke hannunsa aikin 85mm yake yi tun asali.

Mai zumin da ba ya tsukewa

Nan ne babban abokin karawar 35mm yake. 24-70mm f/2.8 yana riƙe f/2.8 daga farko har ƙarshe, ya kama taro, ya kama fuska, ba canji, ba ƙura a sensa, ba ja da baya. Idan ana maganar kada wani abu ya wuce ka, babu kamarsa, shi ya sa masu sana'ar ba sa rabuwa da shi. Kuɗinsa dai ninkin-ba-ninkin na 35mm f/1.8 ne, nauyinsa ma haka: Canon EF 24-70mm f/2.8L II giram 805, Nikon AF-S 24-70mm f/2.8G kimanin 900, Sony FE 24-70mm f/2.8 GM II, wanda aka yi ƙoƙarin rage wa jiki, giram 695. Ka haɗa da nauyin kyamarar kanta, ka rataya a kan kayan da ka goge don biki, daga la'asar har dare. Ga shi da faɗin baki, idan ka nuna wa mutum sai ya gyara zama ya ɗaure fuska, abin da ka zo nema ya gudu.

Tamron da Sigma sun sassauta wannan matsalar sosai. Tamron 28-75mm f/2.8 da ya fito wa kyamarorin Sony a 2018 giram 550 ne. Ga masu APS-C marasa madubi kuwa, wato sabon samfurin kyamara da ba shi da madubi a ciki, akwai Sigma 18-50mm f/2.8 DC DN na 2021, giram 290 kacal, yana gani kamar 27mm zuwa 75mm. Wannan ɗan lens ɗin, gaskiya, ya rage wa hujjata ƙarfi. Nauyinsa bai fi na marar zumin da wani abin kirki ba, ga zumin, ga haske ninki huɗu na 18-55mm a ƙarshen zuminsa. Idan kyamararka tana karɓarsa kuma ba ka son wahalar tunanin inda za ka tsaya, ka ɗauke shi ka huta. Abin da ka sadaukar shi ne hasken nan da ke tsakanin f/1.8 da f/2.8, wato ISO 1600 ya koma 4000, kuma a ƙaramar sensa ana ganin wannan bambancin idan dare ya yi aka rage fitilu.

24-105mm f/4 na tafiye-tafiye ne da taron rana. A waje ya fi duk sauran amfani saboda tsawonsa, a zaure da dare kuma sai da sabuwar kyamara ko filash.

Kada rubutun IS, VR, OSS, VC ko OS da ke jikin lens ya ruɗe ka a nan. Duk sunayen abu ɗaya ne, na'urar da ke rage rawar hannunka, ta Canon, Nikon, Sony, Tamron da Sigma bi da bi. Hannunka take tsayarwa, ba ta tsayar da mutane. Za ta ba ka damar ɗaukar zauren da babu kowa a 1/15 ya fita sarai, amma wanda ke magana yana bukatar 1/125, mai tafiya 1/250, masu rawa 1/500 idan hali ya yi. Wannan saurin kuwa da haske ake sayensa, ko daga ƙofar lens ko daga ISO.

70-200mm f/2.8

Ka bar shi a gida. Na san dalilin da ke jan mutum gare shi: an zaunar da kai can baya, mita 15 daga inda ake komai, kuma a 200mm za ka cika hoto da ango da amarya daga sama har ƙasa. Amma Canon EF 70-200mm f/2.8L IS II giram 1,490 ne, kamar ka rataya babbar gorar ruwa a wuya ka yini da ita. Sababbin na kyamarori marasa madubi sun sauko wajen kilo ɗaya, har yanzu dai kaya ne. Kuma me zai ba ka? Hoton da mai hoto ya riga ya ɗauka daga wuri mafi kyau, naka da ƙeyar wani a kusurwa. Sannan da zarar an gan ka da shi an ɗauke ka ma'aikaci, wannan ya kira ka, wancan ya kira ka, masu bikin kuma su fara rarraba ido tsakaninka da wanda suka biya, a hotonsa a ga rabi na kallon gabas rabi na kallon yamma. Uzuri ɗaya na yarda da shi: ma'auratan da kansu suka roƙe ka ka taimaka, kuma mai hoton ya san da zamanka.

Haka batun filash yake, tunda zaɓen lens mai haske rabin dalilinsa gudun filash ne. Walƙiyarka tana iya faɗawa daidai lokacin da mai hoto ya danna nasa ta ƙone masa hoto, wasu wuraren ibada ma ba su yarda da ita ba sam. Ka kashe ta, ka kashe ɗan hasken nan da kyamara ke haskawa don neman fokas, ka kashe ƙarar tsit-tsit ɗin da take yi.

Kafin ka biya

Ka tabbata lens ɗin zai hau kyamararka kuma zai yi fokas da kansa. Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu, don haka tsohon AF 50mm f/1.8D zai ɗauru amma sai ka murɗa da hannu, wanda ya dace da su shi ne mai alamar AF-S. Adaftar FTZ ta kyamarorin Nikon Z ma ba ta juya irin wancan tsohon. A Canon, EF-S na ƙaramar sensa ne, ba ya hawa masu cikakkiyar sensa irin su 5D da 6D, kuma tun da aka fito da tsarin RF a 2018, lens ɗin EF sai da adafta yake hawa sababbin. Idan na hannu za ka saya, ka haska fitilar waya ta cikinsa ka duba ko akwai hazo ko zare-zaren fumfuna, ka ɗaura ka gwada fokas kusa da nesa. Idan biki ɗaya ne kawai ya taso maka da wannan sha'awar, aro ko haya ya fi saye. Kowanne ka samu, ka sa masa hularsa, tana tare hasken fitilun da ke dukan gilashi ta gefe, tana kuma karɓar bugun da gwiwar hannun wani za ta kai masa a cikin cunkoso.

Yadda nake raba su ke nan. Taron rana a fili, wanda ya zo da kyamara ya isa, mai 24-105mm ya fi kowa morewa. Zaure da dare, kuma kai mai shiga mutane ne, 35mm f/1.8 ko abin da ke gani kamarsa a sensarka. Mai tsayawa gefe da ya yarda wayarsa ta riƙe masa hoton taro, 50mm f/1.8. Wanda za a fara da rana a ƙare da dare kuma ba ya son lissafi, ƙaramin mai zumin f/2.8. Idan biyu za ka ɗauka, 35mm a kan kyamara, 85mm a jaka, ba 35mm da 50mm ba, sun yi kusa da juna da yawa har canjin bai cancanci wahalarsa ba.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka ɗauko 18-55mm ɗinka da daddare, ka kunna fitilar ɗaki kawai, ka tsayar da zumin a 23mm ka manna masa salatif don kada hannu ya murɗa. Ka ɗauki mutanen gida suna zaune suna hira, daga kujera, ba tare da ka ce kowa ya gyara ba. Sannan ka mayar da shi 35mm ka sake mannewa ka maimaita. Na farko ganin 35mm ne a cikakkiyar sensa, na biyu ganin 50mm. Ka lura a wanne ka yi ta ja da baya har ka rasa wuri, a wanne kuma ka yi ta jin mutane sun yi maka nisa. Ka duba lambar ISO da kyamarar ta zaɓa wa kanta a kowane hoto, ka raba ta gida biyar ko bakwai, kusan abin da f/1.8 zai nema ke nan a wannan hasken.